Gadon Bakin Taga a Aji Uku

Duk shekara, da zarar an sallami yara hutun tseren babura, Fynlo Kermode yakan yi kwana biyu cur yana mayar da makarantar ƙauyensu, wadda shi ke kula da ita, masauki. Ya kwashe ƙananan kujeru ya jibge su a ɗakin wasanni, ya jera gadajen ninki takwas-takwas a kowane aji, ya manna takarda a ƙofar bayi yana roƙon ƙattan Jamus da na Italiya su ji tausayin kayan da aka yi don 'yan shekara shida. Ba sa ji. Ba a taɓa gama mako biyun nan ba a karya masa wurin wanke hannu ba. To, ya za a yi? Tsibirin Man, can tsakanin Ingila da Ireland, ɗan mitsitsi ne, jirgin ruwa kuwa sai amayo baƙi yake yi dubu-dubu. Otal ya cika, gonaki sun cika da tantuna, har rumfar ajiyar kayan fasto ta samu mai kwana. Makarantar kuma tana bakin hanyar tseren, daidai wata kwana mai katangar dutse, don haka ba ta taɓa rasa mai nema.

Gado talatin da biyu yake jerawa, talatin da ɗaya ake kwana a kai. Na bakin taga a aji uku yakan shimfiɗa masa bargo, ya sa matashi, ya bar shi haka. In an tambaye shi sai ya ce tagar na yoyo. Shekara goma sha tara tagar nan tana yoyo a bakin Fynlo, shi da ba ya iya ganin ƙusa ta leƙo bai ɗauko guduma ba.

Wanda ya yi kwanan ƙarshe a gadon nan wani ɗan tsere ne daga Donegal ta ƙasar Ireland, Cathal Devenney, irin masu zuwa da tsohuwar mota da babur guda, su ne direba su ne makaniki. Ba shi da kuɗin otal, shi ya sa ya kwana cikin 'yan kallo. Ranar Larabar tseren, an riga an rufe hanya, Fynlo ya riga ya ɗaure ƙaramar ƙofar makaranta da igiya kamar yadda kowane mai ƙofa a bakin hanya yake yi, sai ga wasu baƙi biyu sun ɓullo ta gefen shinge da jakunkuna niƙi-niƙi, sun makara. Doka ta ce in an rufe hanya ko Gwamna ba ya taka ta. Amma baƙo baƙo ne. Fynlo ya kwance igiyar, ya jawo su ciki da sauri, ya karɓi jaka a kowane hannu, ya tura ƙofar da ƙafa. Ya ji sakata ta yi ƙwas, ya ce a ransa zai dawo ya ɗaure. Bai dawo ba, yana can yana neman musu katifa.

Yana tsaye a tagar aji uku ya ga karensa Breck ya ture ƙofar da hanci ya fita, ashe sakatar ba ta kama ba. Ya ga babur mai lamba hamsin da takwas, na Cathal, ya shigo kwanar. Ya ga mahayin ya karkace don kada ya take kare, katanga ta karɓe shi. Breck ya dawo da gudu, jela a matse, ko ƙwarzane babu. Mai tsaron hanya na wajen yana can ƙasan kwanar, katangar ta tare masa gani, 'yan kallo kuma duk sun tafi inda ake sayar da giya. Kafin jirgi mai saukar ungulu ya iso, Fynlo ya ɗaure ƙofar da ƙulli uku.

Masu bincike suka ce mahayin ne ya kauce, ba a san dalili ba. Tsofaffin ƙauye suka ce ai an ga ya wuce ta kan gadar da ake gaida mutanen ɓoye bai gaishe su ba, ga sakamakon raini nan. Fynlo ya bar laifin a kansu, tunda su ba sa kai ƙara.

Tun daga shekarar, kowace safiya ta makon tsere in ya shiga aji uku da tsintsiya, sai ya tarar da bargon gadon nan ya lotsa a tsakiya, matashin ya nutse kamar yanzu aka ɗaga kai. Sai ya daidaita. Kuma da an sanar a rediyo cewa an rufe hanya, ko yana ina a cikin makarantar sai ya ji sakata ta yi ƙwas. Sau uku yana canza sakatar, a na ƙarshe ma ƙofar gaba ɗaya ya cire ya sa sabuwa. Ƙarar ba ta canza ba.

A bana an yi sabuwar sakatariya a ofis, yarinya mai himma, ba wanda ya gaya mata zancen yoyo. Ta bayar da gado talatin da biyu.

Yayarsa Voirrey, wadda ke dafa wa baƙi abin kari a kicin ɗin makaranta, ita ta fara ganin takardar sunayen. Tana juya kifin banda a kasko da hannu ɗaya, ta miƙa masa da ɗayan.

"Karanta na ƙarshe," in ji ta.

"Ban zo da tabarau ba."

"Ga shi nan a goshinka. Bari in taimake ka. Nuala Devenney. Donegal."

Fynlo ya ajiye takardar a kan buhun dankali. "Devenney ai sun fi tumaki yawa a can."

"Haka ne. Kuma duk cikinsu sai wannan ce ta rubuta a ƙasa cewa tana roƙon gadon bakin taga a aji uku." Voirrey ta kwashe kifin, ta zuba wani. "Ni dai ban tambaye ka komai ba, Fynlo. Shekara goma sha tara ban tambaya ba. Na ga kare ya shigo kicin ɗin nan yana karkarwa ya shige ƙarƙashin tebur, na ga mutumin da ke kwana da karensa a gado ya koma ɗaure shi a bayan gida har ya mutu. Ban ce uffan ba."

"To, ki ci gaba da hakan, Yaya."

"Zan ci gaba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma naka na ga ya fara tsami."

Jirgin safe ya kawo Nuala. Cikin dukan baƙin ita kaɗai ce ba rigar fata, ba hular kwano, sai 'yar jakar goyo da rigar ruwa shuɗiya. Doguwa ce, ba za ta wuce ashirin da shida ba. Ta sa hannu a littafin baƙi da hagu, Fynlo ya kawar da kai, don da hagun ubanta ma ya riƙe fensir.

"Baba, kai ne mai kula da nan?"

"Ni ne."

"Tun yaushe?"

"An jima."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya ɗauki jakarta ya yi gaba, yana ta surutun inda bayi yake da lokacin shayi, kamar wanda aka kunna. Ya nuna mata gadon, ta zauna a bakinsa tana kallon kwanar ta taga. Bai jira ta sake tambaya ba ya fice. A rayuwarsa bai taɓa jin tsoron mutum kamar yadda ya ji tsoron yarinyar nan ba, ita da ko murya ba ta ɗaga.

Kwana uku yana kewaye mata. In tana kicin yana bayan gida yana gyaran famfon da lafiyarsa ƙalau. In ta fito fili, shi yana kan tsani. Ita kuwa ba ta zuwa ko'ina. Sauran baƙi su hau babura su tafi Douglas, babban birnin tsibirin, shan giya da cin soyayyen dankali da cuku, ita tana taya Voirrey yanka bonnag, burodin gargajiyar tsibirin, tana shafa man shanu, ko ta tsaya jikin ƙaramar ƙofa tana kallon katanga.

Ranar Laraba aka rufe hanya ƙarfe goma na safe. Fynlo yana tsaye a jikin ƙofar da kansa, ya gama ƙulli na uku, hannunsa na kan sakatar, ya ji ta yi ƙwas a wani wuri can cikin kunnensa. Ƙarfen da ke hannunsa bai motsa ba.

Sai hazo ya sauko daga kan dutse. Rediyo ya ce an ɗaga tsere da awa ɗaya, daga baya ya ƙara wata. Wanda bai zauna a bakin hanyar nan ba bai san irin wannan shirun ba. Ba mota, ba mai wucewa, kwalta ta yi fayau, mutane dubu-dubu a bayan shinge suna magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. Ba mai fita, ba mai shiga. Baƙin makarantar sun tafi neman wurin kallo tun da sassafe. Ya rage daga shi sai Voirrey a kicin, sai yarinyar, ga ta nan tafe da kofin shayi biyu.

"Baba Fynlo, yau dai ba inda za ka gudu, an rufe hanya," in ji ta, ta miƙa masa ɗaya. "Wasa nake. Na ga ba ka son surutu."

"Aiki ne ya yi yawa."

"Famfon nan ya sha gyara kam."

Ya kurɓi shayin don ya sami abin yi da bakinsa. Ta jingina da ƙofar, ta nuna katangar da haɓa. Hazo ya cinye rabinta.

"Nan ne, ko? Inna Voirrey ta ce kana nan ranar."

"Ina ciki. Ina aiki."

"Kowa yana ciki," ta ce, ba da zafi ba. "Na karanta takardun binciken har na haddace. Hanya a bushe take. Babur lafiya lau, taya lafiya lau. Ya bi kwanar nan sau talatin da wani abu. Bai taka birki ba. Kawai ya bar hanyarsa ya nufi katanga." Ta juya kofin a tafin hannunta. "Ka san me ake cewa a garinmu? Ba a faɗa a gabana, amma yaro ba kurma ba ne. Kafin ya taho sun yi faɗa da mamata, babban faɗa, har ta ce in ya hau jirgin nan kada ya dawo. To, bai dawo ba."

Fynlo ya sauke kofin daga bakinsa.

"Mama ta rasu a watan Janairu. Har ta mutu tana cewa ita ta kashe shi da bakinta. Ni kuma tun ina shekara bakwai tambaya ɗaya nake kwana da ita nake tashi da ita. Ko da ya ji haushinta, ni fa? Ni me na yi masa?" Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Na zo ne in kwanta inda ya kwanta, in ga abin da ya gani da safe, ko zan gane yadda mutum ke duban wannan ya ce ya ishe shi. Ban gane komai ba, Baba. Gadon ma ɗumi gare shi, kamar wani ya tashi ya ba ni wuri."

Shekara goma sha tara Fynlo yana gaya wa kansa cewa shirunsa bai cuci kowa ba. Wanda ya mutu ya mutu, faɗa ba za ta tashe shi ba, sai dai a kore shi daga aiki, a kai shi kotu, a ƙauyen da kowa ya san kakan kowa a riƙa nuna shi da baki har a jana'izarsa. Bai taɓa tsayawa ya yi tunanin can ƙetaren ruwa akwai wata mace da ke kwana da gawar nan a ƙirji ba. Ko kuwa ya yi, ya ture. Mutum in yana son barci ya san inda yake ajiye irin wannan tunanin. Yanzu ga shi matar ta tafi da kayan da ba nata ba, kuma ba jirgin da zai kai mata saƙo.

Rediyon mai tsaron hanya ya yi ƙara daga ƙasan kwana: hazo na ɗagawa, saura minti ashirin.

"Kare ne," in ji Fynlo.

Ta dube shi.

"Karena. Ta ƙofar nan da kike jingine ya fita. Ni na kwance igiyar na shigo da baƙi bayan an rufe hanya, ban mayar ba. Ubanki ya shigo kwanar, ga kare a tsakiyar hanya. Da ya miƙe da ya take shi, wataƙila ya faɗi, wataƙila ya tsira. Sai ya kauce masa. Ina tsaye a tagar da kike kwana, a kan idona aka yi."

Ta janye jikinta daga ƙofar a hankali, ta sunkuya ta ajiye kofin a ƙasa kamar mai tsoron kada ya fashe.

"Ka gaya wa wa?"

"Ba kowa."

"Sun tambaye ka?"

"Sun tambaya. Na ce ina neman katifa."

Ta tsura wa katangar ido. Da ma ta zage shi, da ma ta watsa masa shayin, da ya fi masa sauƙi. Can ta ce, "Karen fa?"

"Ya rayu. Shekara tara bayan nan."

Sai ta toshe baki da bayan hannu, wani sauti ya fito da ba kuka ba ne ba dariya ba. "Bushiya," ta ce. "Ya taɓa tsayar da mota a tsakiyar babbar hanya saboda bushiya. Mama na ta masifa, motoci na ta hon, shi ya tuɓe hularsa ya ɗauke ta ya kai cikin ciyawa." Hawaye suka zubo, ba ta share ba. "Wata biyar, Baba. Da wata biyar kawai ka riga, da ta ji."

Ya sunkuya ya ajiye kofinsa kusa da nata.

"Akwai abin da zan nuna miki," ya ce. "In kin ga dama."

Ta bi shi, amma da tazara. A aji uku, kusa da ƙofa, akwai taswirar tsibirin da yakan rataya duk lokacin baƙi. Ya sauke ta. Bangon ya sha fenti kala-kala a shekarun nan, yanzu ruwan ƙwai ne, amma akwai wani ɗan wuri kamar tafin hannu da ya rage da tsohon koren fentinsa, an bi gefensa da buroshi a hankali. A ciki akwai layin fensir guda, da rubutu a karkace irin na bahago: Nuala, 7.

"Da can nan ake auna tsawon yara," in ji Fynlo. "Safiyar ranar, yana shan shayi, ya ga layukansu. Ya tsaya jikin bangon ya sa hannu a haƙarƙarinsa, ya ce tawa nan take kawo mini. Ya ari fensirina ya ja. Ya ce kada in goge, baɗi zai zo da ke da mamarki, ko da ɗaure ta zai yi ya sa a jirgi, a ga nawa kika ƙara."

Nuala ta matsa ta tsaya a jikin bangon. Layin bai kai ƙirjinta ba. Ta ɗora yatsa a kansa, tana nan tsaye har babur na farko ya shigo kwanar da ƙarar da ta girgiza gilasan tagogi, na biyu ya biyo, na uku. Ba wanda ya waiwaya a cikinsu.

Da aka sami sarari tsakanin babura ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Za ka rubuta. Duk abin da ka gaya mini, da sunanka a ƙasa. Ɗaya ka kai wa 'yan sanda, ɗaya ka ba ni. Zan karanta mata a kabari, zan kuma karanta wa 'yan'uwansa da suka daina gaishe ta."

"Zan rubuta, 'yata."

"Kada ka ce mini 'yarka."

"To."

Da aka buɗe hanya da yamma, ya sa rigarsa ta zuwa coci ya hau bas zuwa Douglas. Voirrey ta raka shi bakin ƙofa, ta gyara masa wuyan riga, abin da rabonta da yi tun yana ɗan makarantar nan. Ɗan sandan da ya karɓi takardar ma ba a ɗauke shi aiki ba lokacin da abin ya faru. Ya karanta sau biyu, ya ce za a neme shi. Kafin Fynlo ya dawo gida labari ya riga shi, don tsibirin nan in ka yi atishawa a kudu daga arewa ake ce maka sannu. Mutum biyu da suka san shi a bas suka kau da kai, suka ga wani abin sha'awa ta taga har ya sauka.

Nuala ta bi jirgin safiyar Juma'a. Ta rungume Voirrey, ta karɓi bonnag a ƙunshe. Shi kuwa ta karɓi takardar daga hannunsa, ta ninke ta sa a aljihun ciki, ta gyaɗa kai sau ɗaya ta wuce.

Washegari Asabar ce, ranar babban tsere. Ya shiga aji uku da tsintsiya, ya tsaya. Bargon gadon bakin taga yana nan shimfiɗe sumul yadda ya bar shi jiya, matashin a cike. Ya sa hannu ya taɓa, sanyi ƙalau kamar kowane gadon da ba a kwana a kai ba. Ya zauna a ƙaramar kujerar malama ya yi kukan da bai yi ba tun ranar, kukan sauƙi da kunya a haɗe.

Ƙarfe goma yana kicin, Voirrey na kankare kasko, rediyo ya ce an rufe hanya. Sakata ta yi ƙwas.

"Yaya, kin ji?"

Ba ta ɗago ba. "Ban ji ba, Fynlo. Ban taɓa ji ba, ko sau ɗaya."

Ya ajiye tsintsiyar ya fita. Ƙofar na nan a ɗaure, ƙulli uku, yadda ya yi su da hannunsa. Ya ja ta, ya sake ja, sannan ya tsaya a wurin riƙe da igiyar har babur na ƙarshe ya wuce.